Gasar Tanis Ta Bergamo: Matakin Da Ba A Tsallakewa

Ran Lahadi, 24 ga watan Fabrairu, 2019, a wani birni na arewacin Italiya da a ke kira Bergamo, kusa da Milan, mutum biyu suka shiga fili don wasan ƙarshe na wata gasar ƙwallon tanis ta maza, irin wadda a ke yi mutum ɗaya da ɗaya. Guda sunansa Roberto Marcora, shekararsa 29, ya daɗe yana yawon ƙasashe a kan wannan sana'a. Ɗayan kuwa yaro ne siriri mai jan gashi, Jannik Sinner, shekararsa 17 da wata shida. Dukansu biyu mutanen Italiya ne. Wasan bai yi tsawo ba, yaron ya kada babban da ci 6-3 da 6-1.

Wannan gasa ba ta cikin manya. Tana cikin waɗanda a ke kira Challenger, watau na masu neman su tunkari manyan 'yan wasa, kuma galibi jaridu ba su kan ba irinta fiye da layi biyu ko uku ba. Amma shekara biyar da 'yan watanni bayan wannan rana, ran 10 ga Yuni, 2024, yaron nan ya zama na ɗaya a duniya duka, abin da wani mutumin Italiya bai taɓa yi ba kafinsa. Tun daga nan mutane su ke ta ba da labarin baiwarsa. To, baiwa kam akwai ta, ba mai musu. Abin da na ke so mu duba yau shi ne ita ƙaramar gasar, da aikin da ta ke yi, da mutanen da su ke cin abinci a cikinta, gama ba don irinta ba da mai baiwar bai sami inda zai taka ya hau ba.

YADDA A KE WASAN

Bari mu fara da bayani kaɗan saboda wanda bai saba da wasan ba. Tsawon filin tanis ƙafa 78 ne. Faɗinsa ƙafa 27 in mutum ɗaya da ɗaya za su kara, in kuwa biyu da biyu ne sai a ƙara shi ya zama ƙafa 36. Ana ɗaura raga a tsakiya ta raba filin biyu, tsayinta ƙafa uku a tsaka, ƙafa uku da rabi a wajen ginshiƙai. Kowane ɗan wasa yana riƙe da madoki mai saƙaƙƙiyar tsirkiya, wanda a ke kira raket, yana buga ƙwallo ya tsallake raga ya faɗa cikin gidan abokin karawarsa. Wanda ya kasa mayar da ita kafin ta dira sau biyu, ko ya buga ta cikin raga, ko ya fitar da ita waje, shi aka ci.

Lissafin yana da ɗan ban mamaki. Ci na fari a ce 15, na biyu 30, na uku 40, na huɗu kuwa shi ke ba mutum wasa guda, muddin ya wuce abokinsa da ci biyu. Wanda ya riga tara wasa shida, da ratar biyu, ya ci zubi guda. In aka yi shida da shida sai a yi wasan raba gardama, wanda ya riga kai ci bakwai da ratar biyu ya ɗauki zubin. A gasar Challenger wanda ya ci zubi biyu cikin uku shi ya yi nasara. Saboda haka in an ce 6-3 da 6-1, ma'ana Sinner ya ci zubi na fari da wasa shida, Marcora na da uku, ya kuma ci na biyu da shida, Marcora na da ɗaya tak.

Abin da ya bambanta wasan ɗaya da ɗaya da ƙwallon ƙafa shi ne ba ka da abokin da zai rufa maka asiri. In ka gaji ba mai canjinka. Babu kuma agogon da zai cece ka, domin ba a tashi sai wani ya ci ci na ƙarshe. Kuma gasar ta sallama ce: wanda aka kayar sau ɗaya ya naɗe kayansa. Ko mutum nawa suka shiga ran Litinin, mutum ɗaya kaɗai zai bar garin ran Lahadi ba a kada shi ba.

FILIN DAƁE

Filayen tanis iri uku ne. Akwai na ciyawa, irin na Wimbledon a Ingila. Akwai na jar ƙasa, wanda a ke shimfiɗa wa garin jan bulo, irin na Faris. Sa'an nan akwai na daɓe, wanda ya fi kowanne yawa a zamanin nan. Shi a kan zuba siminti ko kwalta, a bi shi da wani fenti mai kauri na roba wanda aka gauraya da rairayi, shafi bisa shafi. In rairayin ya yi yawa sai daɓen ya yi kaushi ya riƙa rage wa ƙwallo gudu, in kuwa kaɗan ne sai ta riƙa zamewa da sauri. Wanda ya taɓa kallon gasar Dala a Kano ya san irin filin da na ke nufi. Babbar gasar Amurka ta koma kan daɓe a 1978, ta Ostareliya kuma a 1988.

Kyawun daɓe shi ne ba ya ha'inci. Ƙwallo ba ta cin karo da rami ko tudu ta kauce, yadda ka buga ta haka za ta tashi. Aibinsa kuwa ba ya tausayin jiki, gwiwa da idon sawu da ƙugu su ke biyan kuɗin kowace tsayawa da kowane juyi. A Bergamo, da ya ke watan Fabrairu lokacin sanyi ne ƙwarai a can, cikin rufaffen zaure aka yi gasar. Babu iska, babu rana a ido, don haka ƙwallo ta fi tafiya sak. Irin wannan fili ya fi dacewa da mai matsowa gaba ya tare ƙwallo tun tana tasowa, ya maka ta da ƙarfi a miƙe, kuma hannun Sinner ke nan tun yana yaro.

MATAKAI

Sana'ar tanis ta maza a jere ta ke hawa hawa, kamar yadda a da yaro kan gama elementare ya shiga midil kafin ya ga ƙofar kwaleji. A can ƙasa akwai ƙananan gasa na hukumar tanis ta duniya, ITF, waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. A bisansu sai Challenger, wadda aka kafa a 1978, tana ƙarƙashin ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa maza, ATP. A bisanta sai manyan gasa na ATP, masu ba wanda ya ci maki 250, ko 500, ko 1,000. Can ƙoli kuwa sai manya huɗu, na Ostareliya, da Faransa, da Wimbledon, da Amurka, inda zakara ke samun maki 2,000.

Makin nan su ne ran sana'ar. Tun 1973 a ke jera 'yan wasa bisa ga makin da suka tara, kuma maki ba ya zama na mutum har abada, in ya cika mako 52 sai ya zube. Matsayinka a jerin shi ke buɗe maka ƙofa ko ya rufe. A kowace babbar gasa ta huɗun nan maza 128 ke shiga. Galibi 104 daga cikinsu bisa ga matsayinsu a ke ɗaukarsu kai tsaye, 16 su fito daga wasannin share fage, sauran takwas kuwa masu shirya gasa ke ba su gurbi don alfarma. Ka ga ke nan duk wanda ya ke ƙasa da na ɗari da 'yan kai, burinsa guda ne, ya tara makin da zai tsallake wannan iyaka. Makin ƙananan gasa na ITF ba su isa su kai shi ba, manyan gasa kuwa ba za a bar shi ya shiga ba. Challenger ce kaɗai gadar da ke tsakani. Tun daga 2023 an kasa ta aji biyar, mai maki 50, da 75, da 100, da 125, da 175, kowacce lambarta ita ce makin da zakaranta ke samu.

MAKON BERGAMO

An haifi Sinner ran 16 ga Agusta, 2001, a San Candido, cikin duwatsun da ke iyakar Italiya da Ostiriya, inda yawancin mutane Jamusanci su ke yi a gida. A lokacin ubansa mai dafa abinci ne a wani masaukin baƙi, uwarsa kuma a nan ta ke kai wa baƙi abinci. Yana ƙarami ya yi suna wajen tseren sulu a kan ƙanƙara, amma da ya kai shekara 13 sai ya bar wannan, ya bar gida, ya tafi Bordighera a bakin teku wurin wani gwanin malamin tanis, Riccardo Piatti. Bai ɓata lokaci mai yawa a gasar yara ba, ya fi son ya kara da manya ko da za su riƙa kada shi.

Sa'ad da ya zo Bergamo shi ne na 546 a duniya, kuma bai taɓa cin ko wasa ɗaya a gasar Challenger ba. Gurbin alfarma aka ba shi. A wannan shekara mutum 48 ke shiga irin wannan gasa, ana ɗauke wa zaɓaɓɓu 16 zagaye na fari, sauran kuwa tun daga tushe su ke farawa. Sinner ba ya cikin zaɓaɓɓu, don haka sai da ya kara sau shida cikin mako guda. Cikin waɗanda ya kayar a hanya har da 'yan ƙasarsu biyu da suka girme shi, suka kuma fi shi matsayi nesa, Salvatore Caruso da Gianluigi Quinzi. Da ya kada Marcora ran Lahadi sai ya zama mafi ƙarancin shekaru cikin duk mutanen Italiya da suka taɓa cin gasar Challenger.

Ladansa maki 80 ne, da kuɗi yuro dubu shida da 'yan kai. Kuɗin ba wani abu ba ne in an gwada da dalar Ostareliya 3,150,000 da ya karɓa sa'ad da ya ci babbar gasar Melbourne a Janairun 2024. Amma makin nan 80 su suka ɗaga shi daga na 546 zuwa na 324 cikin mako guda, watau daga mai jiran alfarma ya fara zama mai shiga da ƙafarsa. Kafin shekarar ta ƙare ya ƙara cin Challenger biyu, ta Lexington a Amurka da ta Ortisei a ƙasarsu, duka a kan daɓe, ya kuma rufe 2019 yana na 78 a duniya. Daga nan bai sāke bukatar wannan mataki ba.

Ba shi kaɗai Bergamo ta yi wa wannan rana ba. Matteo Berrettini ya ci ta a 2018, ya kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2021. Holger Rune na Danmak ya ci ta a 2021, da shekara ta kewayo ya kada Novak Djokovic a wasan ƙarshe na gasar Faris mai maki 1,000. Jack Draper na Ingila ya ci ta a 2023, ya kuma ci gasar Indian Wells a 2025. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a kan gane ta, amma sai wanda ya fito kallo ran Laraba.

WANDA AKA KAYAR

To, ina labarin Marcora? A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi tunani, domin irinsa sun fi irin Sinner yawa nesa ba kusa ba. Bai yi sanyi ba bayan wannan kaye, ya ci gaba da fama, har a Fabrairun 2020 ya kai na 150 a duniya. Iyakar inda ya kai ke nan, bai taɓa shiga cikin ɗari na fari ba.

A duba wannan lamba da kyau. Da a ce likita ne, ko injiniya, ko ma ɗan ƙwallon ƙafa, aka ce duk duniya mutum 149 kaɗai suka fi shi iya aikinsa, da ba a tambayar abin da zai ci gobe. A tanis ba haka abin ya ke ba. Ɗan wasa ba shi da albashi, ba shi da kulob mai ɗaukar nauyinsa. Shi ke biyan kuɗin jirginsa daga wannan ƙasa zuwa waccan, shi ke biyan malaminsa in yana da halin riƙe malami, shi ke biyan mai ɗaura masa tsirkiyar raket, kuma a kan cire haraji daga abin da ya ci kafin ya shiga hannunsa. Tun 2019 an wajabta wa masu shirya Challenger su ba 'yan wasa masauki, wannan ya rage wani abu. Duk da haka a 2019 wanda aka kayar a zagaye na fari a gasa irin ta Bergamo, abin da ya samu bai kai yuro 500 ba. In ya ji ciwo ya kwanta wata uku, ba kuɗi, ga kuma makinsa na bara suna zubewa mako bayan mako.

Har abin da ba laifin kowa ba ya kan faɗa musu. A Fabrairun 2020, a Bergamo ɗin nan, Illya Marchenko na Yukiren da Enzo Couacaud na Faransa sun sha wahalar mako guda sun kai wasan ƙarshe, sai aka hana yinsa saboda cutar korona da ta ɓulla a lardin. Aka watse ba zakara.

Inda kuwa talauci da gwaninta suka haɗu, mugun mai kuɗi ba ya nisa. Masu caca sun fi neman 'yan wasan ƙananan gasa su saye su don su faɗi da gangan, domin abin da za su miƙa musu ya kan fi ladan gasar. Akwai hukumar da ke binciken wannan, tana kuma korar wanda aka kama, wani har iyakar ransa. Amma kora ba ta maganin yunwa. Saboda haka a 2024 ATP ta fara wani shiri na lamunce wa 'yan wasa 250 na sama mafi ƙarancin abin da za su samu a shekara, wanda a 2024 ɗin ya kasance dala 300,000 ga ɗari na fari, 150,000 ga na 101 zuwa na 175, da 75,000 ga na 176 zuwa na 250. Wanda abin da ya ci bai kai haka ba sai a cika masa. Wannan gyara ne mai kyau, ko da ya ke na 251 da waɗanda ke bayansa bai shafe su ba.

BABBAN DA YA SAUKO

Matakin da yaro ke takawa ya hau, shi ne kuma ke tare babba in ya zamo. Misalin da ya fi shahara shi ne na Andre Agassi, mutumin Amurka. Ya ci Wimbledon a 1992, da babbar gasar Amurka a 1994, da ta Ostareliya a 1995, ya zama na ɗaya a duniya a wannan shekara, ya kuma ci lambar zinariya a wasannin Olimfik na Atlanta a 1996. Sa'an nan al'amura suka juya masa baya, ga ciwon wuyan hannu, ga zuciyarsa ta fita daga wasan, har a Nuwamban 1997 ya gangaro zuwa na 141.

Da wani ne da sai ya zauna yana jiran alfarmar manyan gasa, gama da sunansa ba za a hana shi ba. Shi kuwa sai ya sauke girman kai ya shiga Challenger a Las Vegas, garin haihuwarsa, a kan daɓe. Ya kai wasan ƙarshe, wani Bajamushe da ba a san shi ba sosai, Christian Vinck, ya kada shi. Bai yi fushi ya bari ba, ya wuce Burbank ta jihar Kalifoniya ya shiga wata, ya kada Sargis Sargsian na Armeniya a wasan ƙarshe. Ya rufe 1998 yana na shida a duniya. A 1999 ya ci babbar gasar Faransa da ta Amurka, ya koma na ɗaya. Abin da ya rasa a 1997 ba gwaninta ba ce, sabo ne da cin wasa biyar a jere cikin mako guda, wannan kuwa ba a koyonsa a filin gwaji, sai a gasa.

ABIN LURA

Yanzu mu koma ga gurbin alfarmar nan da aka ba Sinner. Masu shirya gasa su ke da ikon ba da shi, kuma bisa al'ada 'ya'yan ƙasarsu su kan ba. Italiya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan shirya Challenger, birni bayan birni, rani da damina. Saboda haka yaronsu mai ƙoƙari ya kan sami ƙofa a buɗe kusa da gida, ya shiga mota ko jirgin ƙasa ya je ya gwada kansa da ƙwararru, in an kada shi ya komo ya gyara ya sāke komawa, ba tare da ya karya iyayensa ba. Yawan manyan 'yan wasan da Italiya ta fitar a 'yan shekarun nan ba daga sama ya faɗo ba.

Yaron da ƙasarsu ba ta da irin wannan gasa, ko da baiwarsa ta kai ta Sinner, sai ya nemi biza, ya ƙetare teku da kuɗin aljihunsa, kuma a can ba mai ba shi alfarma, domin suna da nasu 'ya'yan. Nduka Odizor, ɗan Ikko, wanda ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, sai da ya bi ta Jami'ar Houston a Amurka kafin duniya ta san shi. A shekarun 1980 an yi gasar Challenger a Ikko, daga baya ta mutu. A 2024 Ruwanda ta fara tata a Kigali. Abin da a ke bukata bai fi ƙarfin babban birni ba: 'yan filaye masu kyau, da masauki, da alƙalai, da kuɗin lada, da mutanen da za su riƙe alkawari shekara bayan shekara.

Duk wanda ya taɓa aikin makaranta ya san ba a gina aji na ƙarshe a bar na tsakiya, sa'an nan a zauna ana mamakin rashin masu cin jarrabawa. Haka ya ke a wannan wasa. In mai karatu ya sāke ganin sakamakon wata ƙaramar gasa a gindin shafi, ya daure ya karanta sunayen duka biyu. Mai yiwuwa guda cikinsu za a ji shi nan gaba, ɗayan kuwa, da ire-irensa masu yawa, su ne suka tsaya a gabansa da iyakar ƙarfinsu har ya koyi abin da ya iya.